Tsamiyar Kaka Bunu

Baki shi ke yanka wuya, kuma bakin Maigari Maikano ne ya yanka nasa.

Shekara uku ƙauyensa, can gabas da Dungas, yana rigima da mutanen maƙwabcinsa Mainassara a kan fadama guda. Kumandan na Magariya ya ce wanda kakansa ya riga sauka shi ke da ita, ya turo wani Nasara mai bincike ya gano. Mutumin nan bai san abin bari ba. Ganye, tsutsa, sunayen kakanni, duk a littafi ɗaya yake zuba su.

Maikano ya jero kakanni bakwai ba gargada. Da ya tsaya nan da ya tsira. Amma daɗin magana ya kwashe shi, ya nuna tsamiyar bakin rijiya.

"Ranka ya daɗe, ranar da kakanmu na farko, Kaka Bunu, ya sauka ya dasa ta. Ita ce shaidarmu."

Mutari tafinta ya juyo da amsar Nasara, wanda yake kira Mushe: "Mushe ya ce tsoho na mantuwa, itace ba ya yi. Kowace damina tana barin zobe guda a cikinsa. A sare a ƙirga."

"A sare? Haba ɗan nan, a gindinta ake raɗa sunan 'ya'yanmu!"

"Baba, kai ka kawo shaida. In ka hana, za a ce ƙarya kake."

Da kansa Maikano ya sa 'ya'yansa su sare ta, gudun kada gardin kumandan ya sa su da bulala. Kwana biyu gatura na aiki, mata na kuka a bayan danga. Shi kuwa yana lallashin zuciyarsa cewa fadama ta fi inuwa.

Da ta faɗi, sai ga kogo. Gara ta cinye cikin tun tuni, ɓawo ne kawai ke riƙe da ita.

Nasara ya leƙa, ya tsinci gara biyu ya jefa a kwalba, har da murnarsa, mara kunya, wai bai taɓa ganin irinta ba. Sannan ya rubuta layi guda.

"Me ya rubuta?" in ji Maikano.

"Ba shaida. Fadama ta Mainassara ce, shi ya nuna tsofaffin kaburbura." Mutari ya sunkuyar da kai. "Kuma ya ce a faskara icen, ku kai bariki kafin Juma'a. Kukun kumandan na son icen tsamiya, yana daɗewa a murhu."

Tafiyar yini biyu ce a ƙasa. Maikano ya durƙusa, ya ce a ɗora masa damin farko.