Ƙidayar Tsofaffin Wunti

Sunana Roda. A ƙarshen damina ta 1959 ina aikin jinya a Bauchi, shekara biyu da barin ƙauyenmu na kudu, aka kira ni ofis. Aka ce hukuma na so ta san tsofaffi nawa ne a cikin gari, da irin ciwon da ke damun su: wane ne ba ya gani, wane ne ba ya ji, wane ne ƙafa ta ƙi. Aka haɗa ni da Malam Mijinyawa, malamin asibiti, aka ba mu unguwar Wunti. Shi zai ga maza a zaure, ni in shiga wajen mata.

Har yau ina tuna safiyoyin nan. Malam Mijinyawa yana tura kekensa, sikeli ɗaure a baya, muna wucewa ta rumfunan teloli, ƙarar kekunan ɗinki na tashi, ga ƙamshin masa. Tsofaffin ba su san shekarunsu ba, sai mu tambaye su abin da suke yi lokacin da Turawa suka shigo gari, ko shekarar da fara ta cinye gero.

Mai unguwa ya ba mu sunaye sittin da ɗaya. Muka gama su cikin mako uku, ta ƙarshe ita ce Goggo A'i, mahaifiyar wani tela, Malam Ɗanlarai. Na same ta a ƙofar ɗakinta tana kaɗa zare. Shekara tara ke nan ba ta gani.

Na auna ta, na duba idanunta, na rubuta. Da na ce mata ita ce ta ƙarshe, sai ta tsayar da mazari.

"Mu nawa kuka samu, 'yar nan?"

"Sittin da ɗaya, Goggo."

"To, ba ku yi aiki ba. Kin je wurin Sauda ta gidan maƙera?"

Na duba takarda, babu Sauda.

"Ba za ki gan ta ba. Jama'a sun ji an ce za a kwashe marasa ƙarfi a kai su asibiti a ajiye, kowa ya ɓoye nasa. Zauna ki rubuta."

Na zauna a tabarmarta. Ta riƙa kiran suna da gida, har da ciwon kowacce. Ba ta fita, amma matan unguwar duk ita suke aiko wa auduga, labarinsu kuma yana biyo audugar. Ta ce in na shiga gida in ce A'i ce ta aiko ni. Haka na yi, aka kuwa buɗe mini ɗakunan da a da aka ce babu kowa ciki. Malam Mijinyawa ma ta wannan hanyar ya samu maza goma sha biyu. Muka tashi da ɗari da goma sha huɗu, kusan kashi ɗaya cikin uku ba sa gani sosai.

Yawan nan ne ya sa a shekarar da ta biyo, watanni kaɗan kafin a karɓi mulkin kai, aka turo likitan ido ya yi mako biyu. Ni na riƙo hannun Goggo A'i zuwa wurinsa. Ya daɗe yana haska idanunta, sannan ya ce mini da Turanci nata ba yanar ido ba ce, jijiyar ce ta mutu, babu abin yi. Na rasa yadda zan faɗa mata.

"Na ji muryarsa, ba sai kin fassara ba," ta ce. "Allah ya sa na Sauda ya yi."

Na Sauda ya yi. Aka cire mata yanar ido ɗaya, aka ba ta tabarau mai kauri. Ranar da aka kwance mata bandeji ta ce in raka ta gidan Malam Ɗanlarai. Tare suka yi ƙuruciya da Goggo A'i, amma sun yi shekara shida ba su haɗu ba, alhali gida bakwai ne tsakaninsu.

Sauda ta tsaya a tsakar gida tana kallon ta.

"A'i, kin tsufa."

"Ke kuma fa? Matso in taɓa in ji."

Suka yi ta dariya har Sauda ta cire tabarau tana share hawaye. Daga nan kullum da hantsi sai ta zo. Ranar bikin mulkin kai ita ta fita bakin titi ta ga 'yan makaranta da tutoci, ta dawo ta ba Goggo A'i labari, suka yi ta musu a kan ko koren tutar irin na ganyen dawa ne ko na rama.

Bayan shekara biyu aka mayar da ni Jos. Da na je sallama, Goggo A'i ta shafa fuskata tun daga goshi har haɓa, ta ce in riƙa cin abinci, na rame. A Jos wasiƙar Malam Mijinyawa ta same ni da labarin rasuwarta. Ya rubuta cewa Sauda ce ta yi mata wanka.