Gajiyar Yaya Dije

Daren jiya mafarki ya kai ni wani birni da ban taɓa zuwa ba, amma na san kowane lungu nasa. Hantsi ne a can. An rufe manyan tituna saboda gudun fanfalaki, kilomita arba'in da biyu, kuma ina cikin masu gudun. Ban yi mamaki ba. Ni da ko mota za ta tashi ta bar ni ba na ɗaga ƙafa, ga ni da gajeren wando da takalmin roba, ina ji a raina cewa yau babu mai shan gabana.

Ma'aikatan gasar duk balbelu ne. Suna zaune a bayan wani dogon tebur cikin fararen kayansu, kowace da biro a maƙale a fiffike. Wadda na je gabanta ta tambayi sunana, na ce Tanimu. Ta tambayi shekaruna, na ce arba'in da huɗu. Ta rubuta talatin da tara, ta ce sauran ba su iso ba tukuna. Sannan ta turo mini takarda.

"Wa zai ɗauke maka gajiya?"

Na ce ban gane ba. Ta yi mini bayani cikin haƙuri irin na wanda ya maimaita magana sau dubu. A birnin nan mai gudu ba ya gajiya. Gajiyarsa takan tafi wurin wanda ya rubuta sunansa, ta zauna a jikinsa har sai mai gudun ya taɓa igiyar ƙarshe. Sharaɗi ɗaya ne, dole ya zama mutumin da ba zai ƙi karɓa ba. In ka rubuta maƙiyinka, gajiyar za ta je ta yi sallama, a ƙi amsa mata, ta dawo maka da 'ya'yanta.

Na rubuta Yaya Dije. Ita ce babbar yayata, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Shekararta sittin da ɗaya, kuma har yau ita ke suyar waina a ƙofar gidanmu. Ban tsaya tunani ba. Na rubuta sunanta kamar yadda mutum ke rataye hularsa a ƙusar da ya saba.

Wani tsoho ya hau kan benci ya yi atishawa sau uku. A ta ukun muka tashi.

Ban taɓa jin daɗin jikina irin na wannan gudun ba. Ƙafa tana taɓa ƙasa kamar tana gaishe ta ne kawai ta wuce. A kowace mararraba akwai hawainiya a kan sanda tana ba da hannu, in ta ga ni ne sai ta yi kore tun daga nesa. Inuwowinmu sun bar mu sun bi ta tsallaken titi, suna nasu tseren, kuma tawa ce ta uku. A teburin shan ruwa ana miƙa mana kofuna cike da sanyin gindin tsamiya. Na kurɓa na wuce.

Wajen kilomita na goma na cim ma wata mata, Lantana, ma'aikaciyar jinya. Muna gudu muna hira kamar a zaure. Ta ce sunan maigidanta take rubutawa duk shekara, shi kuwa har yau ya ɗauka zazzaɓi ne ke kama shi a irin wannan rana. Tun jiya ta sayo masa magani ta ajiye a gefen gado. Wani dogon baƙo daga ƙasar duwatsu ya ce shi duk ƙauyensu ya rubuta, mutum ɗari takwas, kowa cokali ɗaya yake samu, ba mai ko lura.

Sai na tarar da Malam Isyaku mai faci. A farke ma na san shi, a bakin tasha yake liƙe tayoyi. Yana tafe a hankali da wani buhu a kansa. Na tambaye shi me ya ɗauko, ya ce gajiyarsa ce. Ya duba duk duniya bai sami wanda zai rubuta ba, sai balbelu suka ba shi buhu. Ya tambaye ni wa na rubuta, na faɗa masa.

"Ka gaya mata?"

"Ai ba sai na gaya mata ba, Malam. Ko na gaya mata ba za ta ƙi ba."

"To ai irinsu ne ya kamata a tambaya," in ji shi, ya gyara zaman buhunsa.

Na ce a raina talauci ne ke sa mutum wa'azi. Na ƙara wuta. Na wuce Lantana, na wuce dogon baƙon, har ya zama babu kowa a gabana sai titi.

A kilomita na talatin titin ya karya kwana ya shiga layinmu. Ga ƙofar gidanmu, ga hayaƙi, ga Yaya Dije a kan kujerarta gaban tanda. Tana zuba ƙullu tana haki. Zufa ta jiƙa ɗankwalinta har tana ɗiga a wuta. Ta cire silifas saboda ƙafafun sun kumbura, tafin ya ɗaye kamar na wanda ya taka garwashi. Ta saman rigarta ina ganin zuciyarta tana bugawa. Na ɗaga ƙafata ta dama don in gwada, sai gwiwarta ta dama ta kama rawa.

"Me ya tsayar da kai, auta?"

"Yaya, ni na jawo miki wannan."

"Na sani. Tun da hantsi na gane takunka ne. Kai kaɗai ke dira diddige kamar mai kashe kunama. Wuce ka ba ni wuri, ga wata can za ta sha gabanka."

Wata balbela ta sauka a kan katanga. Na tambaye ta mafita, ta lissafa mini a natse. In na janye daga gasar, gajiyar za ta zauna wa Yaya har kabari. In na ci gaba da gudun da nake yi, zuciyarta ba za ta kai kilomita na talatin da biyar ba. In na koma tafiya a hankali, masu naɗe titi da ke biye da 'yan gasa a baya za su cim mini, kuma wanda aka naɗe titi a ƙarƙashinsa daidai yake da wanda ya janye. Hanya ɗaya ta rage, mai ɗaukar gajiyar ta mayar da ita da bakinta.

Na durƙusa na roƙi Yaya. Ta juya waina ɗaya, ta juya ta biyu, ta ce abin da ya shigo hannunta ba ya komawa. Ta ce ta ɗauke ni ina fama da ƙyanda daga gida har asibiti a ƙafa ban nemi izininta ba, yau ne zan koyi kunya? Ta ce kuma tunda aka haife ni ba ta taɓa ganin na zo na ɗaya a komai ba, don haka in tashi in je in zo, ko da ita za a ɗauka a makara.

Lantana ta wuce. Dogon baƙon ya wuce. Ni kuwa ina tsugune ina juya al'amarin kamar yadda take juya wainarta. Sai na tambayi balbelar a hankali ko an rufe rajista. Ta ce rajista ba ta rufuwa, gasar ce kawai ke ƙarewa. Na ce ko mai suyar waina za ta iya shiga daga nan? Ta ce in dai tana da ƙafa. Na ce in ta shiga ta rubuta sunan wanda ya rubuta nata fa? Balbelar ta tsaya da ƙafa ɗaya. Can ta ce ba a taɓa yi ba, amma babu inda aka hana.

Saura yadda Yaya za ta karɓi lambar shiga gasar ba tare da ta san dalili ba. Na auna abin. Da safe na ɗora mata kaya ban gaya mata ba, yanzu kuma zan sauke mata ban gaya mata ba. Duka biyun raini ne, na sani. Amma na zaɓi na biyun, kuma ko yanzu aka mayar da ni shi zan zaɓa.

Na ɗaga murya kamar da balbelar nake. Na ce abin takaici ne a ce matan gidanmu ba su gaji gudu ba, har ana cewa agwagwa ta taɓa tsere wa Yaya a tsakar gida.

Yaya ta ajiye ludayin.

"Wa ya kamo ka a bakin kududdufi ranar da ka gudu wa masu allura?"

"Ai lokacin ina ɗan shekara shida ne, Yaya. Ko kaza ta kama ni."

"Ke mai farin kaya, ba ni lambar."

Ta miƙe da ƙyar tana dafa bango, ta ɗaure zaninta tamau. Balbelar ta tambaye ta wa zai ɗauke mata gajiya. Ta ce ita ba ta da irin wannan mutumin, kuma ba ta taɓa bukatarsa ba. Na karɓi biron, na ce bari in cike mata tunda ta bar tabarau a ɗaki. Na rubuta Tanimu.

Tawa ce ta fara isowa, ta kilomita talatin. Na gane ta, na ce wannan ai zan iya. Sai na ga wasu suna tahowa a bayanta a jere, kamar mata masu zuwa barka, kowace ta yi sallama ta nemi wurin zama. Gajiyar jan guga ta zauna a kafaɗa. Gajiyar daka ta shiga damtse. Ta goyo ta kwanta a gadon baya, na ji nauyin yaro mai ƙyanda, na gane ni ne. Ta jinyar mahaifinmu wata bakwai ta zauna a idanu. Ta tsugunno gaban tanda shekara talatin ta zo daga ƙarshe, tsohuwa ce mai sanda, ba ta ko gaishe ni ba ta wuce cikin gwiwoyi. Na ce wa balbelar ai ta yau kaɗai muka yi magana. Ta nuna mini takardar. Gajiya aka rubuta, ba a ce ta yaushe ba.

Na faɗi a kan hannuwana. Yaya Dije kuwa ta dubi ƙafafunta, ta taka ɗaya, ta taka ɗayar, ta yi ɗan tsalle kamar yarinya mai gwada sabon takalmi. Ta ce wa wata maƙwabciya ta kula mata da wuta. Kafin in ɗaga kai ta sha kwana.

Masu naɗe titi suka iso, ƙarti huɗu, suna naɗe kwalta kamar tabarma. Malam Isyaku na gabansu da taku biyu, buhunsa ya kai girman rumbu. Ya dube ni a ƙasa, ya ce sannu da aiki, ya wuce. Ƙartin suka ga ba zan iya tashi ba, sai suka ɗaga ni suka ɗora a saman naɗin, suka ci gaba da turawa. Daga can sama ana ganin birnin gaba ɗaya.

Na hango Yaya. Ba takalmi, ɗankwali a ɗaure a ƙugu, furfura a waje. Ta wuce Lantana a kan gada. Ta wuce dogon baƙon a gaban kasuwa, har ta ce masa wani abu da ya sa ya waiwaya. Duk takun da ta yi sai na ji shi a ƙashina. Balbelar da ta biyo ni ta ce in ƙara haƙuri, da zarar ƙirjinta ya taɓa igiya zan huta. Gajiyar yau za ta bi iska, tsofaffin kuma kowace ta koma jikin da ta fito.

Yaya Dije ta isa gaban igiya, babu kowa kusa da ita. Jama'a suka miƙe, makaɗa suka ɗaga gula. Sai ta tsaya. Ta dubi igiyar yadda take duban naman da ba ta yarda da shi ba. Ta waiwayo sau ɗaya wajen da nake. Ban sani ba ko ta gan ni, ban kuma sani ba ko ta gane sunan da ke kan takardar. Sannan ta kewaya ta bayan sandar da aka ɗaure igiyar, ta ci gaba da gudu. Ta fita ta ƙofar birni, ta shiga hanyar gonaki, inda dawa ta yi tsayi tana sunkuyar mata da kai.

"Muryarka za ta kai daga nan," in ji balbelar. "In ka kira ta za ta dawo. Ba ta taɓa ƙin amsa kiranka ba."

"In ban kira ba fa?"

"Kayan naka ne har sai ta gaji. Kuma ba za ta gaji ba."

Na ja numfashi. Da ƙyar ya shiga, don ƙirjin ma akwai masu zama a ciki. Ya isa kira ɗaya, ba zai kai biyu ba. Na riƙe shi, ina kallon furfurar nan tana nisa cikin kore. Sai na yi amfani da shi na roƙi ƙartin su ɗan gyara mini kwanciya, su juya fuskata gabas, don wata bishiyar kuka ta fara tare mini ita.

Suna cikin juya ni ne na ji wani abu yana tari yana mutuwa, yana tari yana mutuwa. Na buɗe ido. Gari ya waye, maƙwabcinmu ne a bayan tagata yake ta harbin babur ɗinsa da ya ƙi tashi.