Launin Ankon Mukarrama

Hoton ankon ya shigo guruf ɗin ƙawayensu na waya ne ranar da Wasila take fama da takardun jarrabawar ɗalibanta, don haka ba ta gan shi ba sai bayan la'asar. Kafin nan an gama magana. Firdausi, wadda ke haɗa kan ƙawaye a kowane biki tun suna jami'a a Zariya, ta riga ta sayo atamfar a Kaduna daidai da yawan waɗanda suka ce suna so, har an raba.

Mukarrama ce za ta yi aure, a gidansu da ke Ikara. Ɗaki ɗaya suka zauna da Wasila a shekarar ƙarshe ta karatu, ita a gadon sama, Wasila a na ƙasa. Da aka gama kowa ta kama gabanta, wasu Kaduna, wasu Abuja. Wasila ta dawo Gazara wajen innarta, tana koyarwa a wata makarantar 'yan mata. Ba faɗa aka yi ba. Kira ne ya koma saƙo, saƙon kuma ya koma gaisuwar Juma'a da ake tura wa kowa da kowa.

Wasila ta san yadda ake yi a irin wannan biki. Ranar yini mai hoto zai kira ƙawayen amarya, masu anko su kewaye ta, kuma wannan hoton ne ake wankewa babba a rataye a falonta. Duk wanda ya shiga gidan zai tambaya, wacece wannan, wacece waccan. Wasila tana so ta kasance a cikinsa, ko da a ƙarshen layi ne.

Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa. Daga ƙarshe ta tura: "Ni ma ina so."

Amsar Firdausi ta zo washegari. "Ayya Wasi, ya ƙare wallahi. Amma zanen ya cika kasuwa, ki duba ta wajenku. Ga hoton nan a sama."

Ranar kasuwar Makarfi ta hau mashin ta tafi. Damina ce, rake ya yi tsayi a gefen hanya, mai mashin yana ta kauce wa tabo. Ta nufi rumfar Alhaji Maiwada, inda innarta ke sayen kayan sallah tun Wasila tana ƙarama. Suka gaisa a tsanake, ya tambayi Inna da ƙafarta, ya tambayi yara 'yan makaranta da ruwan bana. Sannan ta miƙa masa wayar.

Wayar ta yayanta Ukasha ce, ya bar mata da ya sauya wata. Babbar waya ce a shekarar da ta fito. Gilashinta ya lanƙwasa ta gefe biyu kamar ruwa na shirin zubowa daga faranti, kuma komai a cikinta ya fi yadda yake a zahiri kyau. Tumatir ya fi ja, ciyawa ta fi tsanwa.

Alhaji Maiwada ya nisanta wayar daga idonsa, ya gyaɗa kai. "Mai ganyen rogo. Akwai shi, Malama."

Ya sauko da turmi ya shimfiɗa. Ya sake miƙa hannu ya sauko da wani ya ajiye a gefensa. Zanen iri ɗaya ne, ganyen rogo da ɗige-ɗigen ruwan zinari. Ƙasan ne ya bambanta. Ɗaya shuɗi ne da ya ɗan karkata zuwa kore, ɗaya kore ne da ya ɗan karkata zuwa shuɗi.

"To wanne ne nasu?" in ji shi.

Wasila ta ɗora wayar a kan na farko, ta ɗaga ta ɗora a kan na biyu. A kan shuɗin, hoton ya yi kama da shi. A kan koren ma bai yi nisa ba.

"Yahuza!" Alhaji ya ɗaga murya zuwa shagon da ke kallon rumfarsa. "Zo ka raba mana gardama, tunda kai ne likitan waɗannan abubuwa."

Yahuza mai sayar da waya ya tsallako yana gyara hula. Ya duba wayar Wasila, ya juya ta, ya shafa gefen da babban yatsa.

"Malama, wannan ai mai kwalliya ce. Gishiri take ƙara wa launi. Ko Alhaji ta ɗauka sai ya fito kamar ango."

"Ka ji mara kunya," in ji Alhaji. "Ni da na ga haihuwarka."

"Bari in kawo manya su yi magana."

Yahuza ya koma ya buɗe akwatin gilashinsa, ya dawo da wayoyi biyu a tafin hannu, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ɗaya shafaffiya ce, gefenta a miƙe, baƙin layin da ya kewaye fuskarta siriri kamar an ja shi da kwalli. Ɗayar naɗewa take yi. Da ya buɗe ta sai ta yi faɗin tafin hannu biyu, da ɗan kwari a tsakiya inda take ninkewa. Ya tura hoton cikinsu, ya jera su ukun a kan atamfar.

Ta Wasila ta nuna shuɗi mai ƙarfi. Mai naɗewar ta nuna shuɗi ita ma, amma mai sanyi, kuma kwarin tsakiya ya ratsa ganyen rogon ya ɗan duhunta shi. Shafaffiyar ta nuna wani abu da ya fi kusa da kore.

"Wannan ba ta da lafiya ne?" Alhaji ya nuna shafaffiyar.

"Ƙalau take. Ita haka take, tana duba hasken wuri ta gyara kanta. Rumfarka ce da jan tamfol, Alhaji, komai ya rikice. Mu fita rana."

Suka fita bakin hanya. Sababbin biyun suka ƙara wa kansu haske nan take, hoton ya tsaya ɓaro-ɓaro. Ta Wasila ta dushe, ba ta ga komai a ciki ba sai fuskarta da bakin hijabinta. Wani mai turin baro ya tsaya ya leƙa ya ce shuɗi ne. Wata mai sayar da gyaɗa ta ce ita kam kore take gani. Wasila ta ji kunya ta kama ta, ganin mutane sun fara taruwa a kan abin da ya shafe ta.

Ta koma cikin rumfa, ta ɗauki hoton turamen biyu a jere ta tura guruf. "Don Allah wanne ne a ciki?"

Ta zauna a benci tana jira. Guruf ɗin yana ta motsi. Ana maganar mai lalle, ana maganar wa za ta ɗauki wa a mota daga Kaduna, wata ta turo hoton takalmi ana ta yabawa. Tambayarta ta yi sama ta ɓace. Ta buɗe lambar Mukarrama, ta daɗe tana kallonta. Amarya ce, gidan cike yake da baƙi, a ce don launin zane za a kira ta? Ta mayar da wayar jaka.

"Ba su amsa ba?" in ji Alhaji.

"Suna da hidima, Baba."

"Ni idona ya tsufa, 'yata. Duk biyun kyau suke min."

"Biyu sun ce shuɗi, ɗaya ta ce kore," in ji Yahuza yana goge wayoyinsa da gefen riga. "Ko a zaɓe ai an gama."

Ta ɗauki shuɗin. Telar unguwarsu ta ɗinka mata doguwar riga da ɗankwali, Inna ta ce ya karɓe ta.

Ranar yini ta isa Ikara bayan azahar. An kafa rumfuna a ƙofar gida, an jera kujerun roba, kiɗa na tashi. Tana sauka daga mashin wata dattijuwa mai jiki, sanye da shuɗin ganyen rogo irin nata sak, ta kama hannunta.

"Ga wata tamu ta makara. Zo nan, kar ki tsaya a rana."

Zuciyar Wasila ta yi sanyi, ta ce a ranta ashe ta dace. Matar ta zaunar da ita a tsakiyar wasu mata duk masu shuɗi, aka miƙo mata shinkafa da zoɓo. Ta duba dama, ta duba hagu. Babu fuskar da ta sani.

"'Yar wa ce a cikinmu?" dattijuwar ta tambaya tana kallonta da kyau. "Ni ce Gwaggo Adama, ƙanwar baban ango. Daga Taba muka zo. Ban gane ki ba."

"Ni ƙawar amarya ce, Gwaggo."

"Ƙawar amarya? To ai ku kore ne." Ta nuna ɗaya rumfar da haɓa. "Da gangan aka yi. Su suka ɗauki koren, mu muka ɗauki shuɗin, don kar a rikice wajen rabon abinci."

Wasila ta juya. Suna can kuwa, a rumfar da ke kusa da zaure, duk a cikin kore, suna dariya suna gyara wa juna ɗauri. Daga nan inda take babu wanda zai ce launukan nan sun yi kama.

Ta ajiye farantin ta miƙe. Ta tsallaka filin.

"Wasi!" Firdausi ta rungume ta, sannan ta ja baya ta dube ta daga sama zuwa ƙasa. "Ke, yaushe kika koma dangin ango ba mu sani ba? Ko akwai ƙanensa ne kike ɓoye mana?"

Aka yi dariya. Ita ma ta yi.

"Na tura tambaya a guruf," ta ce a hankali.

"Kin tura? Wallahi ban gani ba, kin san yadda wurin nan ya cika. Da kin kira ni ai."

Gaskiya ne kuwa, ba ta kira ba. Suka matsa mata ta zauna a gefen kujera. Hirarsu ta ofis ce da wasu mutane da ba ta sani ba. Wata ta tambaye ta ko har yanzu tana ƙauye, ta ce eh, matar ta ce Allah sarki, ta juya.

Aka fito da amarya, an lulluɓe ta da mayafi mai nauyi, kanta a ƙasa. Da aka zo wucewa Wasila ta taɓa hannunta. Mukarrama ta ɗago ido kaɗan ta ƙarƙashin mayafin, ta matse yatsunta.

"Kin zo," ta ce.

"Na zo."

Aka ja ta gaba aka zaunar.

Mai hoto ya tafa hannu. "Ƙawayen amarya! Ku zo, ku yi sauri, hadari na haɗuwa."

Suka taso gaba ɗaya. Wasila ta bi bayansu ta tsaya a ƙarshen layi, ta ɗan ɓoye rabin jikinta a bayan wata doguwa. Mai hoton ya duba ta cikin kyamararsa, ya sauke ta.

"Hajiya mai shuɗi, ki ɗan ba mu wuri. Naku na zuwa."

Mukarrama ba ta ɗago ba, don an hana ta ɗaga kai a gaban surukai. Firdausi ta buɗe baki, ta kalli layin koren da ya tafi sumul daga wannan gefe zuwa wancan, ta kalli Wasila.

"Bari a yi wannan tukuna, Wasi, sai a sake wani da ke. Ungo, ɗauke mu da tawa ma."

Ta miƙo mata waya. Shafaffiya ce mai miƙaƙƙen gefe, babu nauyi. Wasila ta tsaya kusa da mai hoton ta ɗaga ta. A fuskar wayar komai ya fito tas, har zufar da ke goshin Firdausi, kuma koren kore ne, babu gardama. Ta jira sai da kowa ta buɗe ido sannan ta danna. Ta ɗauki wani, ta ƙara wani.

Ba a sake ba. Ana gamawa iska ta taso, tamfol ya fara kaɗawa, ƙawayen suka watse neman jakunkunansu. Mai hoto ya ce dangin ango su zo maza kafin ruwa.

Gwaggo Adama ta biyo ta gabanta, ta tsaya. "Ke, zo."

"Gwaggo, ni ba..."

"Na sani. Kin sa kayanmu, kin ci shinkafarmu. Zo ki cike mana gefen nan."

Ta ja ta. Wasila ta tsaya a layin baya, tsakanin wata mai goyo da wata yarinya mai ƙamshin turaren wuta. Daga nan tana ganin bayan mayafin Mukarrama kawai. Aka ce kowa ya yi murmushi, ta yi.

Ruwa ya sauko. Motocin Kaduna suka cika suka tashi, Firdausi ta ɗago mata hannu ta taga tana nuna alamar za ta kira. Wasila ta tsaya a zaure tana tunanin inda za ta samu mashin a wannan ruwa, sai ga Gwaggo Adama ta leƙo daga wata bas.

"Ina kika nufa?"

"Gazara."

"Shigo, ta Makarfi za mu bi."

Aka matsa mata. Mai goyon nan ta kwance ɗanta ta ɗora mata a cinya ba tare da ta tambaya ba. "Riƙe min shi, 'yar'uwa, bayana ya gaji." Matan suka shiga hirar bikin, wa ya ci nama wa bai samu ba, ɗinkin wa ya fi fita, yadda amaryar take da kunya. Babu wanda ya sa Wasila a hirar, babu kuma wanda ya dube ta kamar baƙuwa. Yaron ya yi barci, kumatunsa a kan ƙirjinta, yawunsa ya jiƙa mata rigar.

A Makarfi ruwan ya tsagaita. Ta miƙa yaron ta sauka, ta yi musu godiya, ta ce Allah ya sanya alheri. Direba ya ja ƙofa.

"Af," in ji mai goyon ta taga, "ban ma tambayi sunanki ba."

Wasila ta faɗa, amma bas ɗin ta riga ta hau titi. Ta tattare bakin rigarta daga tabo, ta tsallaka wajen masu mashin.