Muryar Mai Tsaron Hasumiya

Wa'adin gwajin Nagumo a kamfanin masu ba finafinan zane murya zai ƙare da bazara. Wanda bai samu rawar takawa ko ɗaya a wani shiri ba kafin lokacin, sallamarsa ake yi. Saboda haka ya ɗauki tantancewar ranar Talata da matuƙar muhimmanci.

Jarumin shirin da ake tantancewar dominsa, Reiji, ɗan makaranta ne da ya faɗa wata duniya, yake riya cewa shi ne mai tsaron hasumiyoyin wuta na ƙarshe. Duk abin da ya ƙaga da bakinsa, gari na wayewa sai a tarar da shi tsaye a ƙasar. Nagumo ya yi mako yana nazarinsa, har ya kammala cewa yaron kaɗaici ne ya dame shi, kuma duniyar tana bin ruɗunsa ne don babu wanda ya taɓa musa masa.

Ya shiga ɗakin naɗar murya da tufafin da ba sa ƙara, ya rusuna wa mutanen da ke bayan gilashi, ya karanta: "Daga nan zuwa teku, ni na kunna kowace wuta."

Kashiwagi, daraktan sauti, ya danna maɓallin magana.

"Nagumo, kai likitansa ne?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To me ya sa kake jin tausayinsa? Yaron nan daɗi yake ji. Sake."

Ya sake, ya ɗaga murya, ya ƙara ƙarfi. Ta gilashi yana ganin marubuciyar littafin da aka ciro shirin daga cikinsa, Tsuge, tana faɗa wa Kashiwagi wani abu, hannunta a kan baki.

"Har yanzu ba ka yarda da shi ba," in ji Kashiwagi. "Ko kurma zai ji. Buɗe shafi na gaba, karanta mana Gorō."

Nagumo ya san ma'anar hakan: rawar jarumin ta wuce shi. Gorō shi ne mai ɗaukar kayan Reiji, mutum ɗaya a ƙasar da ke zargin duk ƙarya ce. Bai yi nazarinsa ba ko kaɗan. Ya karanta kamar yadda ya gani: "Maigida, jiya babu hasumiya a nan."

Tsuge ta tuntsire da dariya.

Ranar Juma'a manajarsa ta kira shi: an ba shi rawar Gorō. Gorō yana fitowa a kusan kowane kashi na shirin, magana kaɗan. Kamfanin zai ci gaba da riƙe shi.