Ranar da Inuwa Ya Ja Tafi-da-Gidanka

A tsakar gidan Abu Nayif da ke unguwar Malaz a Riyad aka ƙulla maganar, ina tsugune a gefe ina gyara naman da na kawo musu. Abu Nayif shi ne kafilin Inuwa, wato ubangidan da takardar zamansa a ƙasar take hannunsa. Shekara tara Inuwa yana jan motar gidan, ga iƙamarsa, wato takardar zaman, saura wata guda ta mutu, kuma kowa ya ji ƙishin-ƙishin cewa an nemo wa wani direba biza daga Indiya.

A bakin ƙofa kuwa ga wani farin ɗaki mai taya biyu, wanda Abu Nayif ya saya hannun wani Ba'amurke da ya gama aiki zai koma gida. Su suna kiransa karafan. Mu muka sa masa tafi-da-gidanka, don akwai gado a ciki, da murhu, da tankin ruwa, har da ban-ɗaki. Sati biyu yana ajiye, an rasa mai ja.

Inuwa ya shafa jikin ɗakin ya ce da Larabcinsa na kasuwa, "Allah ya ja kwana, wannan ai wasan yara ne. Ni da na ja tirela daga Kano zuwa Ikko."

Abu Nayif ya dube shi. "Kai?"

"Ni."

"To ji nan. Ranar Alhamis za mu fita Sumama da iyali. Ka kai shi lafiya, ka dawo da shi lafiya, in sabunta maka shekara biyu. Ba'indiye ya nemi wani gidan."

Suka tafa. Wannan a cikin 1996 ne, bayan ruwan da ya sa hamada ta yi kore.

Da muka fito na ce wa Inuwa, "Kai Bahaɗeje, yaushe ka ja tirela?"

"Baba Dalhatu, shekara uku na yi a cikinta."

"A wace kujera?"

Ya yi dariyar yaƙe. Karen mota ya yi, mai sa weji da ɗaure tamfol. Ya ce, "Ku Katsinawa komai sai kun tona. In na koma gida yanzu, me zan tarar? Layin mai da 'ya'ya bakwai. Gaba dai ai gaba ce, duk inda mota ta bi zai biyo ta."

"Baya fa?"

"Ba zan yi baya ba."

Ranar Alhamis da hantsi muka kama hanya. Ni an ɗauke ni ne don yankan rago da dafa shinkafa, na zauna kusa da Inuwa a cikin Jims, babbar motar maigida, ragon yana ɗaure a baya. Inuwa ya riƙe sitiyari kamar mai riƙon ƙwai. Motoci na ta yi mana oda suna wucewa, bai kula ba. Duk babbar motar da ta gifta sai ɗakin ya yi rawa, shi kuma ya ja salati. Tafiyar awa guda muka yi ta a awa biyu da rabi.

Gaskiya yaron yana da wayo. Da muka shiga dajin Sumama, inda mutanen Riyad ke zuwa shan iska, bai tsaya inda maigida ya fara nunawa ba. Ya ce yashin wurin yana da laushi. Ya zaga ya sami wani fili mai tauri, ga itacen ƙaya mai inuwa, ga wani ɗan kwazazzabo can ta baya da ruwa ya zaizaye. Ya shiga da kai, ya tsaya ta yadda in an tashi zai fita da kai. Ya sauke ƙafafun ƙarfe huɗu da ke tallafe ɗakin, ya sa weji, ya cire ƙugiyar da ta haɗa shi da motar. Abu Nayif ya zuba ruwa a kofi ya ɗora kan teburin ciki, ruwan bai karkata ba. Ya buga kafaɗar Inuwa ya ce, "Ashe kai usta ne," wato gwanin aiki.

Kafin azahar dangi sun cika wurin. Ƙannen maigida biyu suka jera motocinsu a gaba, aka kafa babban tantin maza, aka ja labulen tamfol aka keɓe wa mata nasu sashen. Duk a gaban ɗakin aka yi wannan, don nan ne inuwa. Na lura da haka, amma na ce sai jibi za a tashi, a lokacin an kwashe komai.

Na yanka rago, aka ci, aka sha gahawa. Inuwa sai kai-komo yake kamar angon da aka yafe wa sadaki. Har a cikin tanti aka zaunar da shi, abin da bai taɓa samu ba a shekara tara.

To, ɗan Adam in ya ƙoshi da yabo, bakinsa ke fara ƙaiƙayi. Bayan sallar la'asar, ana naɗe darduma, Inuwa ya tsaya yana duban inda muka fuskanta, ya juya ya dubi ɗakin. A can ƙasar alƙibla tana yamma ne, ba gabas irin tamu ba. Sai ya ce da ƙarfi, don a san ya yi karatun allo, "Subhanallahi! Wannan Nasara bai san komai ba. Wanda duk ya zauna a ban-ɗakin nan, alƙibla zai fuskanta sak."

Na taka masa ƙafa, amma magana zarar bunu ce.

Daga bayan labule aka ji muryar mahaifiyar Abu Nayif, tsohuwa mai shekara kusan tamanin, wadda duk gidan ba mai musa mata. "Me baƙin nan ya ce?"

Abu Nayif ya ce, "Ba komai, Yumma. Malamai sun ce in a cikin gini ne babu laifi."

"Gini? Gini mai taya? A jeji muke. Ba jikana da zai shiga wurin nan sai an juya shi."

Ƙaramin ƙanen ya ce a bari sai gobe. Ta ce to a mayar da ita gida yanzu. Abu Nayif ya ɗaga hannu sama, ya juyo. "Yalla, ya Inuwa. Ja shi baya kaɗan ka karkata shi. Minti biyar."

Na bi shi wajen motar. Na ce da Hausa, "Ka ce a sauke tanti a janye motoci, ka fita ta gaba ka zagayo."

"Baba, tantin da aka yi awa guda ana kafawa? Da labulen mata?"

"To ka ce ba ka iya ba."

"In na faɗa, ya san ƙarya na yi masa tun farko."

"Mu tura da hannu mana. Ga maza goma."

Ya dubi tantin. Suna kishingiɗe da fararen riguna, kowa da kofinsa. Ya ce, "Waɗannan ne za su tura? Usta fa ya kira ni."

Ya maƙala ƙugiya, ya ɗage ƙafafun, ya cire weji. Wannan duk aikinsa ne na da, hannunsa ya san shi. Ya shiga ya sa giyar baya. Ni na tsaya a gefe ina ba shi hannu.

Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba. In ka murɗa hagu, abin da kake ja dama yake tafiya. Inuwa ya murɗa yadda ya saba, ɗakin ya nufi inda ba a aike shi ba. Ya gyara, ya ƙara ɓatawa. Ya yi gaba taku biyu, tanti ya tare shi. Ya sake baya. Yara suka fara dariya, ƙannen maigida suka fito, wannan na cewa dama, wancan na cewa hagu. Na hango fuskar Inuwa a madubi, gumi har cikin ido.

Na ce, "Inuwa, tsaya! Kashe motar!"

Ina jin bai ji ni ba. Ko kuma ya ji, ya ga in ya tsaya shi ke nan. Ya taka totur. Ɗakin ya naɗe ya dawo ya daki gefen Jims, gilashin baya ya tarwatse. Tayar ɗakin ta hagu ta hau gaɓar kwazazzabon, gaɓar ta zube. A hankali ɗakin ya kwanta, kamar raƙumi mai ciwo, ƙugiya ta karye, sannan ya kife. Muka ji kwanuka da kofuna suna farfashewa a ciki. Ruwan tanki ya bi yashi ya shige.

Allah ya taimaka ba kowa a ciki. Abu Nayif ya ƙirga 'ya'yansa sau biyu. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba, kuma ni da na daɗe a ƙasar na san wannan ya fi muni. Ya je ya buɗe ƙofar motar ya zare makulli, ya ce, "Ƙaddara ce." Ya miƙa wa ƙanensa.

Inuwa ya sauko ya durƙusa. "Allah ya ja kwana, shekara tara ban taɓa ko gogar mota ba."

"Na sani. Ka taɓa jan tirela?"

Inuwa ya sunkuyar da kai.

"Halas," in ji Abu Nayif, wato shi ke nan.

Kafin magariba aka sauke tantin da aka ƙi saukewa, cikin minti ashirin. Ni da Inuwa a bayan a-kori-kura muka dawo, tare da tukwane. Da muka shiga unguwarmu Manfuha zan sauka, sai ya ce, "Baba, ai gaskiya na faɗa. Alƙibla ban-ɗakin yake kallo." Na ce masa haka ne.

Na je gidan sau biyu ina roƙo, na biyun ba a buɗe mini ƙofa ba. Kwana goma sha tara bayan nan aka buga wa Inuwa fita ba dawowa. Na raka shi filin jirgi da jaka ɗaya da bargo biyu.

Wani Bapakistane mai garejin gwangwan a unguwar Gubaira shi ya je ya kwaso ɗakin a arha, ya buga shi ya miƙe, ya mai da shi wurin kwanan ma'aikatansa, ban ji ya tambayi inda ban-ɗaki ke kallo ba. Shi ya ci riba, sai Ba'indiyen da ya sauka a watan Shawwal. Abu Nayif ya yi asarar abin wasa, ya sayi wani kafin shekara ta zagayo. Inuwa ya yi asarar Riyad. Labarin ƙarshe da na samu, yana tura baro a tashar Haɗeja.