Waken Aguda

Mama Olimpia tana tace waken ta rariya, Alhaja Risika ta turo ƙofa da kwanonta, ko sallama babu.

"Aguda, wake ya nuna, ko sai Fadan cocinku ya zo ya tofa masa addu'a?"

"Zauna, uwar kwaɗayi. Shekara arba'in kina zagina, kina lashe min tukunya."

Juma'ar Ista ce, ranar da 'yan Katolikan tsibirin Legas ba sa taɓa nama. Sai firejon, wake da madarar kwakwa, a barbaɗa garin rogo, a raba wa unguwa. Ranar ce kaɗai har masu kiransu 'yan gumaka ke tuna suna da maƙwabta.

Baba Domingo, tsohon mai kiɗan coci, yana kan benci yana jiran rabonsa. Shi kam ba a ambatar Aguda a gabansa a zauna lafiya.

"Alhaja, kin ma san abin da kike faɗa? Sunan wata ganuwa ce ta Turawa a bakin teku, inda kakanninmu suka sauka da suka dawo daga Birazil."

"Ƙarya kake, Baba. Kakata ta ce auduga suke sayarwa, da yarensu suke kiranta haka, sunan ya bi su."

"To kakarki tana wurin?"

"Kai kana wurin?"

Olimpia kuwa kunnenta yana kan titi. Shekara shida ke nan ɗanta Faustino bai ci abincin hannunta ba, tun da ya buɗe cocinsa ya zama Fasto. A kan mumbari ya ce Aguda sunan bayi ne da suka dawo da gumakan iyayengijinsu a aljihu, kuma wakensu hadaya ce. Maganar ta yi mata ciwo, har yau ba ta warke ba.

Mota ta tsaya a waje. Morenike, matar Faustino, ta shigo ta ƙofar baya, ta durƙusa, tana ɓoye kula a bayan zane.

"Mami, wai a ɗan zuba. Na yara ne."

"Yaran da ke makarantar kwana? Mijinki yana ina?"

Morenike ta sunkuyar da kai. "Yana mota."

Olimpia ta ture kular gefe. Ta cika faranti, ta ɗora kifi, ta fita titi da zanen girkinta. Alhaja da Baba suka bi ta, don irin wannan kallon ba a ba mutum labari.

Ta ƙwanƙwasa gilashin motar. Faustino ya sauke shi rabi, yana waige ko akwai ɗan cocinsa a kusa.

"Mami, ni fa kin san matsayina."

"Na sani. Ba na zuba wake a ɓoye. Ko ka ci a nan, ko ka koma da yunwarka."

"Ci mana, Fasto Aguda," in ji Alhaja. "Ni da na je Makka sau biyu ina ci, ban mutu ba."

Ya daɗe yana kallon farantin. Sannan ya buɗe ƙofar, ya karɓa da hannu biyu, ya kai cokali baki. Bai ɗago kai ba sai da ya ga ƙasan farantin.

"Mami," ya ce a hankali, "da saura?"