An Ce Kada a Rufe Shi

...kuma hular tana nan cikin jaka. Shuɗiya, da kunnuwa biyu irin na zomo. Da hannunta ta saƙa ta, ta warware ta sake, mijinta yana mata tsiya wai kan jariri take aunawa ko kabewa. Ga kan nan yanzu, wayoyi ne manne da shi.

Tsirara suka kwantar da shi. A kan katifa mai sanyi, cikin akwatin gilashi, daga shi sai ɗan nafkin. Jariri fa! Wace uwa ce za ta zauna tana kallon ɗanta yana rawar ɗari? Ita ce. Ga ta zaune, ɗinki na mata zogi, hannaye a cinya.

Bai yi kuka ba... nan tunaninta yake ta komawa. Ta gama naƙuda, ta kasa kunne, sai ƙarar takalma, ungozoma tana cewa a kawo, a kawo da sauri. Igiyar cibiya ce ta shaƙe shi, iska ta yanke masa. Har tsawon yaushe? Duk wanda ta tambaya sai ya kalli ƙasa.

Likita, baiwar Allah, ta zauna ta yi mata bayani a hankali. Wai a cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin da ke tunani, akwai kuma masu yi musu hidima — su ciyar da su, su share musu datti, su lulluɓe musu jijiyoyi. Rashin iskar ya taɓa masu hidimar nan. Wasu sun mutu, wasu sun kumbura sun rikice, har suna ɓata abin da aka ba su amana. Sanyin da aka sa shi ciki ne zai lafar da su. Wataƙila. Zai yi tafiya? Zai ce Mama? Wataƙila... ta tsani kalmar nan.

Ciyarwa, shara, lulluɓi — to ai aikin uwa ke nan! Ashe har cikin kai akwai iyaye mata, su ma wahala ta kayar da su. Nata jikin fa, ba shi ya riƙe yaron ba? A'a, likita ta ce ba laifinta ba ne. Sun saba faɗin haka.

Ƙafarsa ta motsa. 'Yar ƙafa, tsawon yatsanta. Ba ta san sanda hannunta ya shige ta tagar gilashin ba, ta dunƙule ƙafar a tafinta... sanyi ƙalau, wayyo Allah. Bari ta ɗan ɗumama wannan kawai. Ƙafa ɗaya dai, wa zai sani?

"Maman jariri," in ji nas, murya ƙasa-ƙasa. "Ki taɓa shi da yatsa kawai. Kar ki ɗumama shi, ɗumin zai ƙara masa ciwo."

Ɗuminta. Shi kaɗai ne da ita, shi da hular...

Ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta mayar da hannun kan cinya, ta danne shi da ɗayan.